Ranar da Kibiya Ta Dawo da Baya

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma duk layinmu babu wanda ya kai shi natsuwa. Mutum ne da zai shafe awa guda da gilashi manne a ido ɗaya, hantsaki a hannu, yana lallaɓa wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar yashi ba, ko tari ba zai yi ba. In ka kawo masa agogon kakanka, sai ya kara shi a kunne tukuna kafin ya amsa gaisuwarka. Shekararsa hamsin da tara, tumbi ya ɗan leƙo, furfura ta cinye gefen kai. Wanda bai san shi ba zai rantse ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi.

To amma ka ambaci jirgin lilo a gabansa ka sha kallo.

Ga wanda bai sani ba, jirgin lilo shi ne ɗan jirgin nan na filin wasanni, mai bin dogo, wanda yake hawa da mutane can sama sannan ya rufto da su suna kururuwa, su sauko suna dariya kamar an yi musu kyauta. Yaya yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara hawa na filin garinmu, wanda yanzu ake kira Tsohuwa. Ni lokacin ina ƙarama, abin da na riƙe kawai shi ne ya dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Baba ya ce ina ɗayan, ya ce yana sama. Ya sha na jaki, washegari ya koma. Daga ranar zuwa yau ba a taɓa jera mako biyu bai hau ba, sai lokacin da aka yi masa aikin ido likita ya kafa masa doka.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, don kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Akwai Direba, tsohon direban bas da ya ajiye aiki, akwai Mai Kemis, akwai Dogo, wanda in ya tsaya kusa da ni a kafaɗata yake. Dukansu magidanta ne, wasu har da jikoki, amma in suka haɗu ba su da zance sai na dogo da taya da birki.

Matar Yaya, wadda nake kira Anti, malamar firamare ce, bara ta yi ritaya. Agogonta ta kai masa gyara, ya riƙe shi wata biyu yana cewa ba a samu kayan ba, har sai da ya samu bakin yi mata magana. Shekara talatin da biyu ke nan da aurensu, 'ya'ya huɗu, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa sa ƙafarta a jirgin nan ba. Takan raka shi dai. Ta zauna a benci kusa da mai askirim, da yara suna ƙanana tana goge musu baki, da suka girma tana karanta jarida. Ya roƙa, ya lallasa, ya zana mata hoto a takarda, ya kawo shaidu. Amsarta ɗaya ce: "Je ka dawo, Baban yara, ina nan." Dukanmu mun ɗauka tsoro ne. Ni har tsokanarta nake yi, in ce matar da ke tsare aji mai yara sittin da ido kawai, ga shi ƙarfe ya gagare ta.

Yanzu ga inda tsautsayi ya faɗo kaina. Ni tela ce. Shagona yana saman bene, bisa shagon mai gyaran waya: keke biyu, teburin yanka, dutsen guga, da taga guda ɗaya mai kallon bayan filin wasannin. Shekara tara ina kallon juji da tsofaffin kujeru ta tagar nan, babu wanda ya taɓa cewa bari in taya ki. Kwatsam masu filin suka share wurin suka kafa wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon bala'i, suka ce sabon jirgi za su saka. Aka katange ko'ina da langa-langa. Duk garin babu inda ake hango ciki tar sai tagata.

Ranar farko Yaya ya zo wai gaishe ni. Yaya da sai na yi ciwo yake tako matakalar nan! Rana ta biyu ya zo da Direba. Kafin mako ya zagayo, maza huɗu ne a tagata tun ƙarfe bakwai na safe, sun ba ni baya, sun tare mini haske, ina zura zare da lalube. Dogo har kujerar kwastoma yake takawa don ya gani. Na yi faɗa, na yi gori, na ce wallahi zan sa labule in ɗinke shi da bango. Yaya ya ce, "Haba ƙanwata, har abada ana barin halal don kunya? Taga ce fa kawai." Washegari suka zo mini da sabon ƙwan fitila mai haske, suka ɗaura da kansu. Ya zan yi? Ɗan'uwa rabin jiki.

Da ba na so, da ina so, sai da na haddace karatun. Tsohuwa sarƙa ce take janta sama a hankali, ƙas-ƙas-ƙas, har ka samu lokacin yin nadama. Wannan sabuwar, da suka raɗa wa suna Kibiya, ba ruwanta da sarƙa. Tsaye take cak a kan miƙaƙƙen dogo, a busa jiniya, sai maganaɗisu ya harba ta. Kafin ka ce kwabo ta kai gindin hasumiyar, ta miƙe tana kallon sama, ta haye ƙololuwa, ta rufto ta ɗaya gefen. Ba a fara ɗaukar mutane ba, gwaji ake yi. Wasu fararen mutum-mutumin roba ake cikawa da ruwa a ɗaure su a kujerun, don nauyin ya yi daidai da na mutane. Direba ya ce a duk shekarunsa na tuƙi bai taɓa ganin fasinjoji masu ladabi irinsu ba, babu gardama, babu "akwai sauka."

Buri kuwa, kowa da nasa. Mai Kemis ya ce ranar da ya hau, kumatunsa sai sun taɓo kunnuwansa. Dogo ya ce shi ƙololuwar yake jira, inda mutum zai ji ya tashi daga kujera, hanjinsa ya rage a sama. Yaya yana riƙe da agogon awon gudu, yana dannawa da jin jiniya, yana faɗin daƙiƙa uku da ɗan wani abu kamar mai bushara da haihuwa. In suka ga an shigo da sabbin kwandunan shara, sai su ce an kusa buɗewa. In suka ga an kwance taya ɗaya, sai su yi jugum, ko shayin da na dafa ba za su sha ba.

Amma babban burinsu, wanda in suna faɗinsa har murya suke ragewa, shi ne abin da Direba ya sa wa suna ribas. Wai wani lokaci, in da sanyi ko iska, harbin ba ya isa. Jirgin zai hau, ya kusa kai ƙololuwa, ya tsaya, sannan ya sulalo da baya ta inda ya fito, birki ya tare shi a hankali. Sun ce masu ƙera shi sun san da haka, sun tanadi komai, babu wanda ko ƙwarzane zai yi. Sun ce akwai mutanen da suka yi shekara ashirin suna yawon ƙasashe don su dace da shi, ba su dace ba. Na ce, "Wato ku burinku a duniya shi ne abu ya kasa?" Suka dube ni da tausayi, kamar na tambayi me ake yi da gishiri.

Ana cikin haka Autarsu ta samu aiki a wani gari, ta tattara ta tafi, gida ya rage daga Yaya sai Anti. Bayan kwana uku ya hawo matakalata shi kaɗai, yana haki, hula a karkace.

"Ta ce za ta hau," in ji shi.

"Wa?"

"Malama! Muna karyawa, ba ni na tayar da zancen ba, wallahi. Ta ce, 'Wannan sabon naku, in an buɗe zan hau tare da kai. Amma sai na ga gwajin da idona tukuna.'"

Ya zauna a kan yadin mutane bai ma sani ba. Ya cire hular ya ɗora a kan gwiwa. A ranar na gane ba wasa ba ne a wurinsa. Ya ce mini, "Kin san duk hawan da na yi, in jirgi ya kai sama sai na waiga kujerar gefena. Baƙo nake gani, ko Direba da buɗaɗɗen bakinsa. Sau ɗaya tak nake so in waiga in gan ta." Tausayinsa ya kama ni, har na fasa korar sa daga kan yadin.

Shiri aka yi kamar za a karɓi sufeto. Yaya ya tara abokan ya kafa musu sharaɗi: ba maganar gudu, ba maganar hanji, ba wanda zai ce kumatu. Mai Kemis zai ce abin lafiya ne ga jini. Dogo zai sauka daga kan kujera ya tsaya kamar mutum. Aka share shagon, har gilashin tagar Yaya ya goge da tsohuwar jarida. Aka sa ranar Talata da safe.

Talata ta zo da sanyi, an kwana ana yayyafi, iska tana kaɗa langa-langa. Direba ya shigo ya shaƙi iskar ya ce, "Yau fa da alama." Yaya ya harare shi, Direba ya ja bakinsa. Anti ta iso da jakarta a hammata, ta gaishe da kowa, aka ba ta tsakiyar taga. Maza huɗu suka jeru a bayanta, hannu a baya, kamar 'yan aji ɗaya.

Jiniya ta yi kuka. Kibiya ta tashi fuu, ta haye, ta rufto, ta zagaya, ta dawo tasha lafiya lau. Anti ta gyaɗa kai ta ce, "Ba laifi." Yaya ya dube ni, haƙora talatin da biyu a waje. Da a nan aka tsaya, da an ci riba. Ni da kaina na ce, "To Anti, gani ya kori ji, zo ki sha shayi." Ta ce a'a, bari ta ga na biyu, ɗalibi ba a yanke masa hukunci da jarrabawa ɗaya.

Na biyun ya tashi. Ya hau, ya hau, sai na ga kamar ya gaji. Hancinsa ya taɓa ƙololuwa ya tsaya cak, fararen fasinjojin nan suna kallon sama. Sai ya fara sulalowa da baya.

Jama'a, ban san da wane baki zan ba da labarin abin da ya biyo baya ba. "Ribas! Ribas!" Direba ne ya fara, da muryar da yake kiran fasinja. Dogo ya daka tsalle ya haye kujera. Mai Kemis ya cire hula ya jefa sama, ta faɗa cikin kofin shayina. Yaya kuwa, Yaya mai natsuwa, Yaya da ya kafa sharaɗi, shi ya fi kowa. Ya rungume Direba suna juyi a tsakiyar shago, yana ihu, "Na gani! Da idona na gani! Allah na gode maka!" Suka bangaji teburin yanka, almakashi da alli da kwalin maɓallai suka watse, marfin tagar ya ɓalle daga ƙusa ɗaya.

Can ƙasa birki ya tare jirgin sannu a hankali, kamar yadda suka faɗa. Amma wa ya kula? Ni Anti nake kallo. Ta dafe bango da hannu ɗaya. Ta juyo tana neman mijinta, ta same shi yana rawa.

Sai da ya yi juyi biyu kafin idonsa ya faɗa a nata. Ya saki Direba.

"Malama, ai wannan... wannan ba komai ba ne, da ma an tsara..."

"Sannunku da murna," in ji ta. Ta gyara jakarta, ta tsallake maɓallaina ɗaya bayan ɗaya, ta sauka.

Ranar na wanke su tas, ban bar kowa ba. Na ce ku dubi furfurarku! An kawo mace ta ga jirgin da za a saka ta a ciki, jirgin ya kasa a gaban idonta, ku kuma kun ɓarke da shewa. Ko mahaukacin kasuwa ya san wannan ba wurin rawa ba ne. Suka durƙusa suna tsince maɓallai. Na kore su, na ce kada in sake ganin ƙeyar kowa.

Mako guda Yaya bai leƙo ba. Na bi ta shagonsa na same shi zaune, agogo a buɗe a gabansa, gilashin yana kan tebur. Ya ce ya yi mata bayanin maganaɗisu, ya yi na birki, ya nuna mata bidiyon wasu ƙasashe. Tana ba shi abinci, tana amsa gaisuwa, amma in ya ɗauko zancen sai ta tashi ta kunna rediyo. "Na ɓata, ko?" ya tambaye ni. Na ce ƙwarai kuwa. Ban iya ƙarya ba, ko don in sanyaya wa mutum rai.

Litinin da safe ina buɗe shago sai ga Anti da wata tsohuwar riga, wai in rage mata hannu. Rigar nan ni na ɗinka ta, hannunta lafiyarsa ƙalau. Na karɓa na ajiye. Ta ja kujera ta zauna a bakin taga har azahar. Talata ta dawo, wai a mayar da hannun yadda yake. Laraba ko rigar ba ta ɗauko ba. Tana zaune tana kallon fararen fasinjoji suna tafiya suna dawowa, har aka sake yin ribas ɗin a gabanta. Na saci kallonta, na ga ta runtse ido, ta buɗe, ta bi jirgin da kallo har ya tsaya.

A ranar Larabar ne Yaya ya hawo da sukudireba a hannu da 'yan ƙusoshi a aljihu, zai gyara marfin tagar da suka ɓalla. Ya gan ta, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya shiga gidan da ba nasu ba.

"Shigo mana, shagon ƙanwarka ne," in ji Anti.

Ya shigo. Ya buɗe baki, na san birki zai ambata, na zare masa ido ya rufe.

"Baban yara, zauna," ta ce. "Kai a zatonka tsoro ne ya hana ni hawa duk shekarun nan?"

"To... ai ba laifi ba ne mutum ya ji tsoro."

"Tsoro kam akwai, ba zan ɓoye ba. Amma shekarar da muka yi aure na yi niyyar hawa, har ranar na sa a raina. Sai likita ya ce ina da ciki. Da na haihu muka je, ina riƙe da jariri, kai kana can sama ƙafa a iska. Na dube ka, na dubi yaron, na ce in mu biyu muka hau abin nan ya tsinke, wa zai rage masa? Daga ranar na yanke wa kaina, in ɗaya yana sama, dole ɗaya ya kasance a ƙasa."

Yaya ya ce, "Amma ai ba ya tsinkewa. Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"In na faɗa maka dainawa za ka yi, na san halinka. Ka daina, ka zauna mini a gida kana kallon bango? Ban aure ka don in kashe maka abin da kake so ba. Jaridar nan da kake gani a hannuna, ko layi ɗaya ban taɓa karantawa ba sai ka sauko. Ranar Talata da jirgin nan ya taho da baya, ba roba na gani a ciki ba, kai na gani. Abin da na shekara talatin da biyu ina jin tsoro, ga shi yana faruwa a gabana. Na juyo in kama hannunka, na tarar kana rawa da Direba. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa maka mari."

"Da kin mara," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Na ci a mare ni."

"Ka ci." Ta ɗan yi murmushi. "Kwana uku ina kallonsa. Na ga yana dawowa lafiya, na yarda da birkin naka. Amma ko da ban yarda ba, hawa zan yi. Auta ta tafi, kowannensu ya iya ciyar da kansa, babu sauran wanda zan tsaya wa. Na gaji da zama wadda za a bari a ƙasa, Baban yara. In gaba zai yi, ya yi da mu biyu. In baya ne, ya dawo da mu biyu."

Sukudireban ya suɓuce daga hannun Yaya. Shekara hamsin na san mutumin nan, ko ranar da muka rasa Baba a bayan gida ya ɓuya ya yi kukansa, amma ranar a gabana hawaye suka zubo masa shar. Ya lalubo wani yadi zai goge fuska, Anti ta fizge ta ce na mutane ne, ta miƙa masa gefen mayafinta. Ya kama mayafin, ya haɗa da hannunta ya riƙe.

Ni da ba a kasa da ni ba, na juya musu baya na hau taka keke da ƙarfi, babu ko zare a allurar, don kada su ji ni ma kuka nake yi.